Ƙato Bayan Ƙato Ko Ƙuri'ar Asiri?

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a majalisun dattawan Kende da Bagudo, watau wane zaɓe ya fi kusa da gaskiya, na ƙato bayan ƙato ko na jefa takarda a asirce?

Masu son na farko suna tuna zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990, zamanin Janar Babangida, sa'ad da hukumar Farfesa Humphrey Nwosu ta sa kowa ya yi layi bayan hoton ɗan takararsa, na SDP ko na NRC, aka ƙirga kawuna ido na ganin ido. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Sun ce ƙuri'a shaida ce, Alƙur'ani kuwa ya hana ɓoye shaida. Kuma ana iya cusa wa akwati takardu da dare, amma ba a cusa wa layi mutanen da ba su zo ba.

To, amma a dubi manomin shinkafa wanda ya ci bashin taki a hannun wani attajiri, ga attajirin tsaye yana kallon layi, ga damina ta ƙarato. A bayan wa wannan bawan Allah zai tsaya? Balle matar da maigidanta ke ƙirga sawunta. Duk wanda ya karanta Risala ya san malamanmu ba su karɓar shaidar mutumin da yake neman amfani ko yake gudun cuta da shaidarsa. Ashe ke nan layi ba ya tabbatar da shaida, gurɓata ta yake yi, domin bashi yake ƙirgawa.

Bayan rasuwar Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, a shekara ta 23 bayan Hijira, Abdurrahman ɗan Aufu ya yi kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu, a taro da kuma a keɓe. Sai da ya gama sannan ya tara jama'a a masallaci, aka yi wa Sayyidina Usman mubaya'a a fili. Tambaya a ɓoye, sakamako a bainar jama'a.

Ni dai a ganina nan mafita take. A bar talaka ya dangwala yatsansa inda babu mai ganinsa sai Mahaliccinsa, kana a zazzage akwati nan take a rumfar, a ƙirga da ƙarfi, wakilin kowace jam'iyya ya sa hannu a takardar kafin ta bar Kende zuwa Bagudo.