NONON UWA A CIKIN ƘOƘO: HUKUNCINSA DA LADUBBAN AJIYE SHI

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya tanadar wa jariri abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai san yunwa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Ajekoriya da kewaye, tambaya ta yawaita game da mai jego wadda fita ta kama ta. Wata za ta Dakwaro kai babban ɗanta likita, wata za ta rijiya mai nisa ko gona, wata kuwa ta gama wanka za ta yawon arba'in a kan amalanke, rana tsaka. Shin ya halatta ta tatse nononta a ƙoƙo, ta bar wa kaka ko ta tafi da shi?

Amsa ita ce ya halatta, kuma nonon mace mai tsarki ne. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya yi nufin cika shayarwa, ta kuma ɗora wa uba ciyar da uwar da tufatar da ita. Saboda haka wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Sabulu da ƙoƙo mai murfi da kuɗin mota, duk a wuyan maigida suke.

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar nono zalla har wata 6, ba tare da ko ruwa ba, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. To, a ina wannan shawara take karyewa a wurinmu? A ranar fita. Uwa ta ba da baya, yaro ya tsananta kuka, kaka ta ji tausayi, sai ta ɗebo ruwan randa ko nonon akuya ta ɗura masa. Bayan kwana biyu zawo ya kama shi, a ce iska ce ko maita. Wanda ya ga yadda tamowa ta cika wuraren jinyar yara a jihar Maraɗi a shekarar 2005 ba ya raina zawon jariri.

Abin da ya fi shi ne uwa ta tafi da ɗanta a goye, ta lulluɓe da mayafi ta shayar da shi duk inda ya nema. Babu kunya a cikin wannan, kuma nonon da ke cikin jiki ba ya lalacewa don an sha rana, ko da wasu suna faɗar haka. Idan kuwa rabuwa ta zama dole, sai ta wanke hannu da sabulu, ta tafasa ƙoƙon ƙarfe ko na tangaran mai murfi, ta tatsa da hannu, ta rufe nan take. Ma'aikatan lafiya sun ce nonon da aka tatsa yana jure awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Amma mu nan, a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, don haka kada a jira cikar awa 4 ɗin. A sa ƙoƙon cikin kwanon ruwan sanyi a gindin randa, a ba yaro da wuri. A firji yana kwana 4, a kula mai cike da ƙanƙara kuwa yana iya kai awa 24, wannan ga matafiyi zuwa Maraɗi. Ba a tafasa shi, sai dai a tsoma ƙoƙon cikin ruwan ɗumi. In maiƙo ya taso sama ba lalacewa ba ce, a juya shi a hankali. Abin da yaro ya rage a zubar in ya kai awa 2. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali yana zaune a cinya, domin kwalba mai kan roba tana da wuyar wankewa inda ruwa yake da tsada.

Yanzu ga inda nake son ku kasa kunne da kyau, domin nan ne hatsarin da ba a kaiwa likita.

A mazhabar Imamu Malik, wadda muke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ba kama nono da baki ne kaɗai yake haramta aure ba. Duk nonon mace da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyu, kafin ya wadatu da abinci, ko ta ɗura ne a baki ko ta hanci, ko da sau ɗaya ne, ya ƙulla 'yan'uwantaka. Shafi'awa da Hambalawa sun shardanta sau biyar, amma ba a kan wannan malaman ƙasarmu suke ba da fatawa ba. Mai nonon ta zama uwa, mijinta ya zama uba, 'ya'yansu duka sun zama 'yan'uwan yaron.

Ku dubi gidajenmu. Wa da ƙane suna gida ɗaya, matansu sun haihu a damina ɗaya, kowace ta tatsa ta ajiye a ɗakin kaka. Ƙoƙo biyu iri ɗaya, tsohuwa ido ya yi rauni. Ko kuma nonon ɗaya ya ƙare, a ce ai duk jikoki ne, a ba shi na ɗayar. Bayan shekara ashirin a tashi haɗa auren zumunta, alhali yaron da yarinyar wa da ƙanwa ne a wurin Allah. Manzon Allah (S.A.W.) bai auri 'yar baffansa Hamza ba, saboda shi da Hamza sun sha nonon Suwaiba. Kuma Buhari ya ruwaito cewa Uƙubatu ɗan Harisu ya rabu da matarsa bayan wata mace ta zo ta ce ta shayar da su duka biyu. Raba aure bayan an hayayyafa ba ƙaramar musiba ba ce. Tsoron cakuɗewar dangantaka ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Disamba 1985, ta hana kafa rumbunan tara nonon mata daban-daban a ƙasashen Musulmi, irin waɗanda ake da su a Turai da Amurka.

Kada wani ya fahimci cewa an hana taimako. Shi kansa Fiyayyen Halitta ya sha nonon Halimatus Sa'adiyya. Jaririn da uwarsa ta rasu ko ta kwanta ciwo, wadda ta shayar da shi tana da lada mai girma, bayan an nemi shawarar likita game da lafiyarta. Abin da ake nema shi ne a sani. Kowace uwa ta ɗaura wa ƙoƙonta alama, ko da zare ne. Idan an ba yaro nonon wata, da gangan ko da kuskure, a gaya wa iyayen maza a ranar, a kafa shaidu, a je wurin liman ya rubuta sunan yaron da na matar da na mijinta da shekarar, da ajami ko da boko, a ajiye takardar tare da takardar haihuwa.

Allah Ya raya mana zuriya bisa Musulunci, Ya ba masu jego lafiya. Wassalamu alaikum.