KO SAI MURYA TA ZAMA ƊAYA KAFIN ZUCIYA TA ZAMA ƊAYA?

Akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu-bi. Idan jama'a suka taru domin su yi abu ɗaya, ko wajibi ne kowa ya yi shi iri ɗaya? In an bar kowa ya bi tasa hanya, ashe ba tarwatsewa ke nan ba? In kuwa an tilasta wa kowa hanya ɗaya, ashe ba an danne waɗansu ke nan ba? Ekklesiyar ƙasashen Turai ta yi shekara wajen ɗari bakwai tana kokawa da wannan magana a kan waƙoƙin sujada. Bari mu bi labarin, gama akwai abin koyo a ciki.

Yadda aka soma

Da fari, a ƙasashen Turai ta yamma, waƙar sujada kari ɗaya gare ta. Ko mutum goma ne, ko hamsin, dukansu su kan hau tare, su sauka tare, cikin harshen Latin, ba kiɗa. Ana danganta wannan irin waƙa da Paparoma Giregori, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ko da ya ke yawancinta bayan zamaninsa aka tsara.

Wajen ƙarshen ƙarni na 9 aka rubuta wani ɗan littafin koyar da waƙa, ba a san sunan marubucinsa ba. A cikinsa ne a ke samun misalai mafi tsufa a rubuce na waƙa mai kari biyu a lokaci ɗaya. Abin da sauƙi: wani ya riƙe tsohuwar waƙar, wani kuma ya bi shi daga ƙasa da tazarar mataki huɗu ko biyar, kamar a ce ɗaya ya kama "so", ɗayan ya kama "do". Ana kiran wannan organum. Dukan irin waƙar da a ke haɗa kari dabam dabam a cikinta Turawa su kan kira ta polifoni, daga Helenanci, watau muryoyi da yawa. Mu sai mu ce saƙar muryoyi, gama ta yi kama da aikin masaƙi mai haɗa zare da abawa.

Kada a ɗauka Turawa ne kaɗai suka san wannan. Mutanen Jojiya, can bakin duwatsun Kokesas, suna da tsohuwar waƙa mai murya uku. Kabilar Aka ta kurmin Afirka ta Tsakiya su kan saƙa muryoyi huɗu, ba takarda ba alƙalami. Abin da Turawa suka yi dabam shi ne rubutawa, shi ya sa mu ke iya bin sawunsu daga ƙarni zuwa ƙarni.

A Winchesta ta Ingila akwai littafi na farkon ƙarni na 11 mai ɗauke da murya ta biyu ta waƙoƙi fiye da 150. A Italiya kuma, wajen 1025, wani mai zaman zuhudu, Gido na Arezzo, ya gyara hanyar rubuta sauti a kan layuka, ya kuma ba matakan sauti sunaye. Daga wurinsa ne "do re mi" da mawaƙanmu su ke koyo ta samo asali. Wajen 1100 murya ta biyu ta daina bin ta fari kamar inuwa. In waccan ta hau, wannan ta kan sauka, sa'an nan su haɗu a ƙarshe.

Mai riƙo da masu yawo

A 1163 aka soma ginin babbar majami'ar Notre Dame a birnin Paris. A nan ne aka yi gwanaye biyu, Leonin da Perotin. Da ba mu san sunayensu a kan wannan aiki ba, sai don wani ɗalibi Bature na Ingila wanda ya ambace su cikin rubutunsa wajen shekara ɗari bayan haka. Leonin ya tsara babban littafi na waƙoƙi masu murya biyu domin bukukuwan shekara. Perotin ya kai abin zuwa murya uku, har huɗu. Wasiƙun Bishop na Paris na 1198 da 1199 sun ambaci waƙa mai murya uku ko huɗu a bukukuwan lokacin Kirsimeti.

Ga yadda su ke yi. Muryar ƙasa ita ke ɗauke da tsohuwar waƙar sujada, amma ta kan ja kowane sauti ya yi tsawo ƙwarai, sauran muryoyi kuwa suna kai da kawowa a bisanta. Kalma ɗaya ta kan ci fiye da minti ɗaya kafin a gama ta. An kira wannan murya ta ƙasa tenor, daga kalmar Latin mai ma'anar riƙewa. Sunan nan yana nan cikin ƙungiyoyin mawaƙanmu, ko da ya ke aikinsa ya sāke.

A nan fa wani abu ya faru wanda ya kamata mu lura da shi. Muddin kowa yana bin kari ɗaya, ba a bukatar ƙidaya sosai, sai a bi na gaba. Amma da muryoyi suka zama huɗu, kowace da tata hanya, tilas ne kowa ya san daidai lokacin da zai shiga, da tsawon da zai ja, da wurin da zai yi shiru. Saboda haka mawaƙan Paris suka tsara salon ƙidaya iri shida, wajen 1280 kuma Faranko na Kolon ya bayyana yadda siffar kowace alama za ta nuna tsawonta. Da 'yanci ya ƙaru, ka'ida ma ta ƙaru. Mai waƙar kari ɗaya yana iya rufe ido ya bi taro. Mai waƙar murya huɗu ba shi da wannan dama: dole kunnensa ya kasance wurin maƙwabcinsa tun daga fari har ƙarshe.

Masu ƙin abin

Ba kowa ne ya yi murna ba, kuma waɗanda suka ƙi ba jahilai ba ne. Tun wajen shekara ta 400 Agustin, Bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya rubuta cewa in daɗin murya ya fi motsa shi bisa ga maganar da a ke rerawa, ya kan ga kansa mai laifi. Wajen 1142 Ailered, wani mai zuhudu na Ingila, ya yi kuka da mawaƙan zamaninsa, yana cewa su kan karya murya, su yi kamar haniniyar doki, suna murguɗe-murguɗe, jama'a kuwa su saki baki suna kallo kamar a wurin wasa.

Abin ya ƙara tsanani a ƙarni na 13, sa'ad da aka soma ba kowace murya nata kalmomin. Akwai waƙoƙin da muryar ƙasa ke ɗauke da guntun waƙar sujada ta Latin, na sama kuwa suna rera zancen soyayya cikin Faransanci, duka a lokaci ɗaya. Wajen 1324 Paparoma Yohanna na 22 ya ba da doka daga birnin Abinyon, ya tsauta wa masu sassara waƙa da gajerun sautuka har su binne tsohon karin. Amma bai hana haɗa muryoyi ɗungum ba. Ya yarda da haɗi mai sauƙi a ranakun biki, muddin tsohuwar waƙar tana nan a fili.

A ƙarni na 16 gardamar ta sāke tashi a kowane ɓangare. Zwingili ya kawar da waƙa daga sujada a Zurik. Kalbin ya yarda da waƙa a Janeba, amma Zabura, cikin harshen jama'a, kari ɗaya, ba kiɗa. A 1562 aka kammala littafinsu na Zabura 150. A 1544 Babban Bishop Karanma na Ingila ya rubuta wa Sarki Henri na 8 cewa ya fi so kowace gaɓa ta kalma ta sami sauti ɗaya, gwargwadon iko. Martin Luta kuwa ya so saƙar muryoyi ƙwarai, har ya rubuta gabatarwa ga littafin waƙoƙi masu muryoyi da yawa wanda Yohan Walta ya fitar a 1524. Majalisar Tarento ta Ekklesiyar Roma ta duba maganar a 1562, ta hana abin da ke da lalata cikin waƙar sujada, ba ta kuwa hana muryoyi da yawa ba. Ana ba da labari cewa waƙar Palestirina mai murya shida, wadda aka buga a 1567, ita ce ta ceci wannan fasaha daga hani. Masana tarihi ba su sami shaidar haka ba, amma gaskiya ne waƙar ta nuna ana iya haɗa murya shida kalmomi kuma su fita sarai.

Wa ke da gaskiya?

Mu auna maganar masu son kari ɗaya da adalci. Kari ɗaya yana da albarka. Tsoho da yaro, mai karatu da marar karatu, duk suna iya shiga. Ba wanda zai nuna gwaninta, ba wanda zai ji kunya. Manzo Bulus ma, cikin 1 Korantiyawa sura 14, ya fifita magana kaɗan wadda jama'a za su fahimta bisa mai yawa wadda ba mai ganewa.

Amma akwai abin da suka manta. Allah bai halicci maƙogwaro iri ɗaya ba. Ko sa'ad da mu ke cewa muna rera kari ɗaya, maza suna ƙasa, mata da yara suna sama da tazarar mataki takwas. In an ɗaga waƙa domin 'yan mata, dattijo mai kaurin murya sai ya yi shiru. In an saukar da ita dominsa, muryar yara ta dushe. Wanda ya ce lalle sai kowa ya yi iri ɗaya, sau da yawa muryarsa ce ya mai da ita ma'auni, bai sani ba. Sura 12 ta wannan wasiƙa ta koya mana cewa jiki ɗaya ne, gaɓoɓinsa kuwa dabam dabam, ido ba shi da ikon sallamar hannu.

Saboda haka mu a ganinmu bambanci ba laifi ba ne, amma bashi ne. Wanda aka ba shi izinin rera nasa kari ya ci bashi wurin mutum biyu. Na fari shi ne abokin waƙarsa: dole ya saurare shi, ya jira shi, ya rage murya sa'ad da lokacin wancan ya yi. Na biyu shi ne mai ji, musamman wanda ya fi kowa rauni, wanda ba shi da littafi a hannu, abin da kunnensa ya kama shi ke nan rabonsa na ranar. Mawaƙan da Ailered ya yi kuka da su sun karɓi izinin, suka ƙi biyan bashin.

Wani fasto na Jamus, Lukas Osianda, ya nuna hanyar biya. A 1586 ya fitar da waƙoƙi 50 masu murya huɗu, amma ya ɗauke ainihin karin daga tenor ya sa shi a muryar sama inda kowa zai ji, dukan muryoyi kuma suna furta kalma ɗaya a lokaci ɗaya. Nufinsa shi ne dukan jama'a su iya shiga, mawaƙa kuwa su tallafa musu. Gwanayen tenor sun rasa matsayin da suka riƙe shekaru ɗaruruwa, jama'a suka sami waƙarsu. Irin wannan tsari ne masu bishara suka kawo ƙasashenmu, shi ne kuma murya huɗu da a ke koya wa mawaƙanmu.

Abin da ya shafe mu

Mu masu waƙa da Hausa bashin nan ya fi mana nauyi, gama harshenmu yana da hawa da sauka a cikin kalmominsa. Kukan yaro dabam, kukar miya dabam, karin murya ne ya raba su. In an ɗora kalmomin Hausa a kan karin da aka tsara domin wani harshe, sa'an nan muryoyi huɗu suka ja su nan da can, mai ji yana iya rasa ma'anar sarai. Waƙar mai bayarwa da 'yan amshi, irin ta Zumuntar Mata, ba ta cika samun wannan damuwa ba, domin karinta ya tashi daga bakin harshen. Kada masu murya huɗu su rena ta, kada kuma masu ita su ce waccan girman kai ne kawai.

Ga gwaji mai sauƙi ga kowane shugaban mawaƙa. Bayan sujada, ya je wurin wata tsohuwa da ke zaune a layin baya, ya gaishe ta, ya ce, "Mama, me waƙar nan ta ce?" In ta iya faɗa, an biya bashi. In ta ce, "Ɗana, ta yi daɗi, amma ban ji abin da kuka ce ba," to, sai a koma a gyara, ko da an yi wata uku ana koyonta.

Maganar kuwa ta wuce waƙa. A cikin majami'a ɗaya akwai kabilu dabam dabam, akwai dattawa da samari, akwai masu ilimin boko da manoma. Sa'ad da gardama ta tashi a taron dattawa, wani ya kan so kowa ya yi shiru ya bi shi, ya kira wannan zaman lafiya. Wani kuma ya kan ɗaga murya bisa kowa, ya kira wannan faɗin gaskiya. Dukansu biyu sun ƙi aikin kunne. Mai son a bar shi ya bambanta, sai ya fi kowa saurare. Mai riƙe da tsohon kari kuma, sai ya tuna an sa shi riƙo ne domin waɗansu su sami abin tsayawa a kai.

'Yan'uwa, kafin kowannenmu ya nemi a ji tasa murya a taro mai zuwa, bari ya tambayi kansa ko zai iya maimaita abin da na kusa da shi ya faɗa. Ubangiji ya ba mu kunnen ji.