Burga a Teburin Karta: Ƙarya Ce Ko Wasa?

Mu ɗauka daren Juma'a ne a wani gida a Amurka. Abokai takwas sun kewaye teburin cin abinci suna gasar poka, wasan kartar da ya bunƙasa a birnin New Orleans da jiragen ruwan kogin Mississippi tun ƙarni na 19. An raba wa kowa kwabban roba daidai wa daida, wanda nasa suka ƙare ya fita. Kowa na riƙe da kati biyu a rufe, ana buɗe biyar a tsakiya. Sai ɗayansu ya leƙa nasa, ya ga babu abin kirki, amma ya daure fuska ya tura duk kwabbansa gaba. Amininsa na shekara ashirin, wanda katinsa ya fi ƙarfi, ya yi jim, ya tsorata, ya ajiye. Mai burga ya kwashe, aka fashe da dariya.

To, wannan mutum ya yi wa amininsa ƙarya ko bai yi ba?

A kallon farko za mu ce ya yi. Bai buɗe baki ba, amma mun san ba da baki kaɗai ake ƙarya ba. Wanda ya jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa bai ce uffan ba, kuma ba mu wanke shi. Mai burga ma ya yi niyyar sa wani ya gaskata abin da ba haka yake ba, ya kuma ci riba da hakan.

Sai dai akwai bambanci. Mai sayen tumatir bai yarda a yaudare shi ba. Wanda ya zauna a teburin poka kuwa ya san burga tana cikin dokar wasan, shi ma da ita ya zo. Hasali ma babu wasan in babu ita. Masanin lissafi John von Neumann ya nuna haka a littafin da suka fitar da Oskar Morgenstern a 1944 kan nazarin wasanni: wanda ba ya zuba da yawa sai katinsa ya yi ƙarfi, nan da nan za a gane shi, kowa ya riƙa janyewa da ya motsa, ya tashi a tutar babu. Dole wani lokaci ya yi kurari da hannu wofi, don a riƙa shakkar sa ranar da yake da gaske.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Bafulatani ya kira Babarbare bawansa a tsakiyar kasuwa, taubashi ya washe taubashiyarsa a gaban dangi, babu mai kai ƙara. Da wani bare ne ya furta irin waɗannan kalamai, da an yi ta rabon faɗa. Abin da ya sauya hukuncin maganar shi ne yardar da ke tsakani. Ƙarya cin amana ce, kuma inda kowa ya san an jingine amanar fuska na ɗan lokaci, ba a ci amanar kowa ba.

Da a nan zancen ya tsaya, da mun huta. Amma wasan taubasai yana ƙarewa a inda aka yi shi, kowa ya koma gida yadda ya zo. Teburin karta kuwa akwai abubuwa biyu da ke bin mutum har gida.

Na farko kuɗi. Masu gasar gida sukan ce ai ɗan abin shiga ne kowa ke bayarwa, asara tana da iyaka. To, iyakar wa? Abin da yake kuɗin shayi ga wani, cefanen kwana uku ne ga na kusa da shi, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Zai yi dariya tare da kowa, ya tafi da abin a ciki. Ba banza ba Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida, ya danganta caca da jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane. Ko wanda ba Musulmi ba, in ya taɓa ganin yadda whot ko ludo ke sauya kama a majalisa da zarar an ajiye naira a kan tabarma, ya san inda maganar ta dosa. Jiya ana tsokanar wanda aka cinye, yau ana ƙirga abin da ya rage masa.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma poka makarantar karatun fuska ce. Bayan 'yan watanni za mu san wane yakan sosa kunne in ya tsorata, wane kuma yakan yawaita surutu in ba shi da komai. Wannan sani ba ya zama a kan tebur in an tashi. Gobe abokin nan zai zo sayar mana da mota saboda matsi, yana cewa ba ya sauri, sai mu ga hannunsa ya tafi kunne. Me za mu yi? In muka karya farashi don mun gano shi, mun ɗauki abin da ya ba mu a wasa mun yanke shi da shi a inda bai yarda ana wasa ba. Wannan ita ce yaudarar, ko da kowace kalma da muka furta gaskiya ce.

Saboda haka ba mu ga laifin mai burgar daren Juma'a ba, matuƙar kwabban nan roba ne kawai, babu kuɗi a bayansu. Ya yi abin da aka taru a yi. Inda za mu auna shi shi ne bayan an tattara kati an mayar cikin kwali. In ya lura amininsa ya yi shiru fiye da yadda ya saba, zai yi amfani da idon nan da ya cinye shi da shi ya tambaye shi, “Malam, lafiya kuwa?” Ko zai adana abin da ya gani sai mako mai zuwa?