Wa Ya Kashe Iyalin Torque?

Ran nan a Sanyinna na tarar da ƙanena yana buga gem ɗin The Suffering, wanda kamfanin Midway na Amurka ya fitar a 2004. Labarin wani fursuna ne, Torque, da aka yanke wa hukuncin kisa kan zargin kashe tsohuwar matarsa da 'ya'yansa biyu. Can sai dodanni suka cika kurkukun. Jini kam, sai ka ce mahauta.

Na ce, "Kai, ba ka jin komai?" Ya ce, "Yaya, ai hoto ne, kamar fim."

To, a nan muka saɓa. A fim kallon mugu kake, a gem kuwa yatsanka ke harbin. Su kansu masu gem ɗin sun san haka: in ka ceci mutanen da ka tarar, ƙarshen labari zai wanke Torque, in ka karkashe su, shi ne makashin.

Ban ce yaron ya ɗauki alhakin rai ba. Amma mai karatu, in ka zaɓi ƙeta inda babu mai hukunta ka, halin wa ka gani, na Torque ko naka?