Arzikin Da Ba A Shuka Ba

Ko daidai ne al'umma ta dogara ga arzikin da ba ta shuka ba domin riƙon makarantunta da asibitocinta?

A 1956 aka sami man fetur a Oloibiri. Da kuɗinsa ya yawaita sai muka yi sakaci da noma, har dalar gyada ta Kano ta ɓace. Amma mai ba gero ba ne. Abin da aka ɗiba ba ya sake tsirowa, farashinsa kuwa a ƙetare ake yankawa. A tsakiyar 2014 ganga ta fi dala 100, farkon 2016 ta faɗi ƙasa da 30. Jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, malamai suka yi watanni hannu wofi.

Ku tuna da Yusufu. Ya shawarci Fir'auna a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi, Masar kuwa ta tsira daga yunwa. Haka ya kamata a yi da kuɗin mai, gama jikokinmu suna da rabo a ciki. Albashin malami da kuɗin magani su fito daga harajin noma da ciniki da sana'a.

Wani zai ce, "Ai manya za su cinye." Hakika akan yi haka. Amma wanda ya biya daga guminsa yakan nemi lissafi, kamar yadda muke neman na baiko a ikilisiya. Bari mu biya da aminci, mu kuma yi tambaya ba tsoro. Allah ya ba mu hikima.