Hukuncin Kama Sunayen Shafukan Intanet da Wa'adinsu Ya Ƙare

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a Zariya, sana'ata gina wa mutane shafukan intanet. A gefe guda kuma nakan bibiyi sunayen shafuka, waɗanda muke kira domen, da masu su suka bari wa'adin rajistarsu ya ƙare. Da zarar an sake su sai in yi rajistarsu da sunana, in ajiye har in sami mai saye. Wani abokina ya ce wannan tsintuwa ce, sai na yi cigiya shekara guda. Kwanan nan kuma na kama sunan wani kamfanin jigilar mahajjata da har yanzu yake aiki. Mai kamfanin ya kira ni ya ce mantuwa suka yi, ni kuma na yanka masa kuɗi mai yawa. Wasiƙun abokan hulɗarsu ma, har da hotunan fasfo, yanzu wurina suke faɗowa. Mene ne hukuncin sana'ar, kuma me zan yi da wannan sunan?

AMSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ci kuɗin. Sana'ar a asalinta halal ce, amma sunan kamfanin nan ka mayar wa mai shi. Ga bayani.

Malamai suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa, don haka mu fara da sanin abin da mutum yake saye idan ya ce ya sayi domen. Ba ya mallakarsa irin mallakar gida ko doki. Haƙƙin amfani da sunan yake karɓa na ƙayyadadden lokaci, daga shekara 1 zuwa 10, ta hannun kamfanin rajista, a ƙarƙashin dokokin hukumar ICANN da aka kafa a Amurka a 1998. Sunayen da suke ƙarewa da .ng kuma suna hannun ƙungiyar NiRA ta Najeriya, da nata ƙa'idojin. Wannan a fiƙihu ya fi kusa da ijara, wato haya. Amfani kuwa dukiya ne a wurin Malikiyya da jumhurun malamai, ana biyan kuɗi a kansa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci da tambarin kasuwanci haƙƙoƙi ne masu ƙimar kuɗi, ana sayar da su, kuma ba ya halatta a yi musu ta'adi. Ka riƙe ƙarshen maganar nan da kyau, za mu dawo gare ta.

Abokinka bai dace ba da ya kira wannan tsintuwa. Tsintuwa dukiya ce da har yanzu take mallakin mai ita, ta ɓace masa ne kawai, shi ya sa Shari'a ta ce a yi cigiya shekara. Nan kuwa haya ce ta ƙare bisa sharaɗin da mai hayar ya amince da shi tun ranar farko. Kamar ɗan kasuwa ne da ya kama rumfa a Kantin Kwari, wa'adinsa ya cika, aka yi masa aike bai zo ba, mai rumfa ya ba wani. Ba mai cewa na biyun ya tsinci rumfa.

Kuma aiken ana yin sa. Dokar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya tunatar da mai suna kimanin wata guda kafin wa'adi, ya sake tunatar da shi ana saura kimanin mako, ya kuma sake bayan wa'adin ya wuce. A sunayen .com, bayan ƙarewar wa'adi akwai jinkirin da yakan kai kwana 45, sannan kwana 30 na fansa da mai shi zai iya dawo da abinsa da ƙarin kuɗi, sannan kwana 5 na jiran gogewa, kafin a buɗe wa kowa. Wasu kamfanonin, irin su GoDaddy, sukan sa sunan a gwanjo tun cikin kwanakin jinkirin, kuma hakan na rubuce a yarjejeniyarsu. Wannan tsari yana tuna mini mas'alar raya mataccen fili. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya mallaki gona ta hanyar share daji, in ya bar ta ta koma daji har lokaci ya yi tsawo, wani ya zo ya raya ta, ta zama ta na biyun. Ba su ce da zarar ciyawa ta tsiro a shiga ba, sai da suka sa sharaɗin tsawon lokaci, don ya bayyana cewa mai ita ya haƙura. Kwanakin jinkirin nan su ne suke tsayawa a matsayin wancan sharaɗi. Saboda haka sunan da yake kalma ce ta kowa, kamar kasuwa, noma, magani ko alheri, in ya faɗo ka riga kowa kama shi, naka ne. Ka yi amfani da shi, ko ka sayar da kowane farashi kuka yarda da shi kai da mai saye. Shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba.

Ba na ganin ajiye irin waɗannan sunaye ya kai ga ɓoye kaya da aka hana, duk da Malikiyya sun faɗaɗa hanin zuwa duk abin da ɓoye shi yake cutar da kasuwa. Wanda bai sami .com ba zai sami .ng ko wani, ba wanda zai kwana da yunwa. Sai dai raina bai kwanta ba da matasan da suke kama sunayen masallatai, masarautu da malamai su zauna a kai suna jiran a zo a roƙe su.

Yanzu ga naka sunan. Tambayi kanka: da ba don kamfanin nan ba, nawa wannan suna zai yi a kasuwa? Kusan babu. Duk darajarsa daga gumin mai kamfanin ta fito, shekarun da ya yi yana kai mutane Makka yana dawo da su har suka amince da sunansa. Rumfa ta koma hannunka, gaskiya ne, amma allon da ke rataye a ƙofarta sunan wani ne, kuma masu shigowa wurinsa suka zo. Kuɗin da ka yanka masa ba farashin wani amfani ba ne da ka samar, farashin ɗauke masa cutar da kai ka ɗora masa ne. Wannan yana cikin cin dukiyar mutane da ɓarna da Alƙur'ani ya hana a Suratun Nisa'i, kuma shi ne ta'adin da Majalisar Fiƙihu ta ambata. Yardar da zai nuna in ya biya, yarda ce ta wanda aka shaƙe wa wuya. Akwai kuma hadisi a Sahihu Muslim mai ma'anar cewa wanda ya tashi daga mazauninsa ya dawo, shi ya fi cancantar wurin. Mutumin nan bai rufe kamfani ba, mantuwa ya yi, ga shi kuma ya dawo.

Mantuwar ba ta ƙananan 'yan kasuwa ba ce kaɗai. A Disambar 1999 kamfanin Microsoft ya bar wa'adin passport.com ya wuce, masu Hotmail suka kasa shiga akwatunansu. Wani masanin kwamfuta mai suna Michael Chaney ya biya dala 35 ya sabunta musu, bai ƙwace ba, bai yi ciniki ba, daga baya kamfanin ya aika masa da cakin dala 500 na godiya. Musulmi ya fi cancanta da irin wannan hali.

Ko ta fuskar doka ma ba ka da mafaka. Tun 1999 akwai tsarin sasanta rikicin sunaye na ICANN, wanda cibiyar hukumar WIPO a Janiba take cikin masu yanke hukuncinsa. In mai tambari ya nuna sunan ya yi kama da nasa, ba ka da haƙƙi a cikinsa, kuma da mugun nufi ka kama shi, za a karɓe a ba shi. Neman sayar masa da shi da kuɗin da ya zarce abin da ka kashe yana daga alamun mugun nufin da tsarin ya ambata. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ma ta sa irin wannan zama a kan sunan wani cikin laifuka. Kai kanka ka amince da waɗannan sharuɗɗa ranar da ka yi rajista, Musulmi kuwa yana kan sharaɗinsa.

Wasiƙun su suka fi tayar mini da hankali. Ba kai aka rubuta wa ba. Buɗe su leƙen asiri ne, kuma hotunan fasfon bayin Allah amana ce da ta faɗo hannunka ba da sanin masu ita ba. Kada ka ƙara karanta ko ɗaya. Wanda zai yi amfani da irin wannan adireshi ya canza kalmar sirrin asusun wani, ko ya amsa wa maniyyaci da sunan kamfanin ya karɓi kuɗinsa, wannan ɗan damfara ne, ba sai an nemi fatawa ba.

Ga sauran sunayen da ke hannunka, in tsohon mai suna ya rufe harkarsa gaba ɗaya, ba laifi ka kama, muddin shafin ya fito fili cewa hannu ya canza, don kada masu ziyara su zaci tsohon ne yake magana. Masu sayen tsohon suna don kawai su hau kan mutuncinsa su cika shi da tarkace suna yaudarar injin bincike, algus suke yi, kuma Google ma ta sa wannan cikin abin da take hukuntawa tun Maris 2024. Kada ka sayar wa wanda ka san caca ko batsa zai ɗora. Malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, balle a ce sunan tsohuwar makaranta ne da iyaye da yara za su ci gaba da dannawa.

Gwanjo halal ne. Abin da yake haram shi ne ka sa abokinka ya riƙa taya sunanka ba da niyyar saye ba don farashi ya hau, wannan shi ne najashi. Haka ƙara gishiri a yawan masu ziyarar shafi, ko ɓoye wa mai saye cewa an taɓa toshe sunan saboda saƙonnin damfara. Aibi ne, dole ka faɗa. Kamfanonin da ake ba aikin cafke suna a daƙiƙar da aka sake shi, in sai sun kama ake biya, wannan ji'ala ce, ta halatta. In kuwa kuɗin yana tafiya ko sun kama ko ba su kama ba, ba tare da wani aiki sananne da aka biya dominsa ba, ka nisance shi, garari ne, wato ciniki mai rashin tabbas. Zakka kuma, tunda ajiya kake yi kana jiran farashi, ka bi hukuncin ɗan kasuwa mai jiran kasuwa a mazhabarmu: in ka sayar bayan shekara ta kewayo a kan jarin, kuɗin ya kai nisabi shi kaɗai ko haɗe da abin da kake da shi, ka fitar da ɗaya bisa arba'in na shekara guda.

Ka kira mai kamfanin yau, ka janye farashin da ka yanka. Ka karɓi abin da ka kashe wajen rajista da ladan wahalarka gwargwadon yadda ake biya a sana'arku, ka mayar masa da sunan, ka miƙa masa wasiƙun, ka goge abin da ya rage a wurinka. In ya ƙara maka wani abu da daɗin ransa, ka karɓa, halal ne. Ka kuma nuna masa yadda zai kunna sabuntawa ta kai tsaye, kada baɗi ya faɗa hannun wanda ba zai tambayi malami ba.

Wallahu a'alamu.