Kafin Ka Biya Kuɗin Karatun Akanta ta Intanet

Ɗana, idan ka ƙudura niyyar karanta akanta ta intanet, ban hana ka ba, albarka ma nake sa maka. Sai dai zauna tukuna, akwai magana.

Ka fara sanin abin da za ka saya. Satifiket ɗin nan da jami'o'in waje, musamman na Amurka, ke tallatawa ba digiri ba ne. 'Yan kwasa-kwasai ne da aka tsamo daga karatun digiri, a kan gama su cikin shekara guda ko ƙasa da haka. Ba zai kai ka hidimar ƙasa ba, ba kuma zai sa a kira ka ƙwararren akanta ba. A Najeriya wannan matsayi sai ta ƙofar ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965, ko ANAN, wadda ta sami amincewar doka a 1993, kwalejinta kuma tana Kwall kusa da Jos. Harajin da za a koya maka a can na Amurka ne, alhali abin da zai tare ka a Kano ko Kaduna shi ne VAT na kashi 7.5 da harajin da ake cirewa a albashi. Hatta ƙa'idojin rubuta rahoton kuɗi ba ɗaya ba ne: su suna da nasu, mu kuwa tun 2012 muka fara komawa kan na duniya, wato IFRS. Ga shi kuma da dala za ka biya, ka kuwa san yadda naira ta kasance tun tsakiyar 2023.

Kada ka manta da abin da ya faru a ƙarshen Disambar 2023 da farkon Janairun 2024. Wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatun gaskiya. Saboda haka, makarantar da za ka ba kuɗinka, ka bincika wa ya san da ita. In ta gida ce, duba sunanta a jerin hukumar jami'o'i ta NUC. In ta waje ce, rubuta musu ka tambaya ko kwasa-kwasan za su shiga lissafi ranar da ka so ci gaba zuwa digiri, kuma amsar ta zo a rubuce. A gida ma akwai jami'ar NOUN, akwai cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya. Ni dai da za ka bi tawa, da ka dubi jarrabawar ATS ta ICAN: mataki uku ce, da sakamakon sakandare ake shiga, kana gida kana karatunka, kuma masu ɗaukar aiki a nan sun san ta.

To, a ce ka zaɓa ka biya. Nan ne aikin yake, domin akanta ba a koyonta da kallon bidiyo. Malamin zai warware lissafi a allo, ka gyaɗa kai kana ganin ka gane, sai an miƙo maka tarin rasit ka rasa ta inda za ka fara. Nemi littafin kuɗi na gaske. Je shagon kawunka a Kantin Kwari ko Singa ka roƙi ya bar ka ka riƙe masa lissafi na wata guda. A nan za ka ga an karɓo kayan naira 200,000 bashi, dole ka rubuta su wuri biyu, kaya sun ƙaru, bashi ma ya ƙaru. Za ka ga Alhaji ya zura hannu a durowa ya ɗebi kuɗin cefane ba a rubuta ba, ƙarshen wata kuma a zargi yaron shago. Za ka ga ana kiran ciniki riba, ba a cire kuɗin haya da man janareto ba, balle lalacewar shi janareton. Ranar da ɓangarorin biyu suka ƙi daidaita da naira 90, ka kwana kana nema har ka gano ka juya lamba, ka rubuta 450 a wurin 540, ranar ka fara zama akanta. Yi da biro tukuna, daga baya ka koma kan Excel.

Maganar wuta da data ba sai na faɗa maka ba. Sauke darussa idan an kawo wuta, ka ware lokaci tsayayye, bayan asuba ya fi, domin babu malamin da zai kira sunanka a aji.

Saura guda ɗaya, kuma ita ta fi damuna. Za ka haɗu da masu cewa ka biya su rubuta maka aikin gida ko jarrabawa, tunda babu mai ganinka. Kada ka yarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ɗora wa marubucin adalci. Kujerar wannan marubucin kake nema. Gobe dukiyar marayu, ko asusun masallaci, ko albashin ma'aikata ɗari za a damƙa maka, kuma mai binciken kuɗi idan ya zo ba zai tambayi makinka ba, littafin zai buɗe ya ce ka yi masa bayanin layi na bakwai.